Randar Inna

Bayan sadakar arba'in ɗin Inna, muka taru a gidanta na Kwali don fitar da kaya. Yaya ya zo da buhu biyar, ya rantse duk tarkacen nan sai bola. Na ɗaure masa gindi, don ɗakin ko sauro sai ya karkace kafin ya shiga: kwanonin jere da ba su taɓa ganin tuwo ba, gwangwanayen madara, rediyon da ya yi shiru tun zamanin Shagari.

Can aka jawo wata tsagaggiyar randa daga bayan ƙofa. Goggo ta ce, "Ku bi a hankali, wa ya sani ko ginin Ladi Kwali ce?" Nan take kowa ya tuna shi ne ɗan lelen Inna. Yaya mai buhu har da rungume randar.

Ladi ta rasu a 1984, randar kuwa ni na raka Inna ta sayo bayan haka da shekara goma. Na ja bakina. Ladin da muka samu ta gaske tana bayan naira 20, ƙulle a bakin zanin Inna. Ita na ɗauka. Buhunan Yaya suka koma yadda suka zo.