Goran Sarkin Ruwa

Duk wanda ya tashi a Kaura Namoda ya san Gulbin Gagare da fuska biyu. Da damina idan ya kawo, ruwan jajawur yake, yana tafe da kara da rassan itace, mai hankali ba ya tsoma ƙafa sai ya duba. Da rani kuwa yashi ne shimfiɗe, sai gurabu nan da can inda ruwa ya maƙale, tarwaɗa da karfasa suka taru. Haka yake gangarawa arewa ta ƙasar Shinkafi, har ruwansa ya gamu da na Bunsuru wanda ya ratso ƙasar Zurmi. Labarin nan na wani gari ne a bakin irin wannan ruwa. Garin ba shi da suna a bakina, mutanensa ma da laƙabinsu kawai zan kira su.

Akwai wani dattijo Basarke, Sarkin Ruwan garin, wanda ya gaji su iyaye da kakanni. A zamanin ƙuruciyarsa matashin masunci ba ya rasa abin yi. Ko yana ɗinkin homa, ko yana ɗana mamari, ko yana banda kifin da za a kai kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Sai abubuwa suka yi ta tsukewa. Kifi ya ja baya. Daji ya gagari shiga, gurabun nesa da a da ake kwana a bakinsu suka zama sai mai neman halaka kansa. A shekarar 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, ɗan abin da ya rage ma ya tsaya cak. Samari suka koma gindin wata tsamiya kusa da mashaya. Nan hantsi yake samunsu, nan magariba take barinsu.

Giya dai an daɗe da hana ta. Tun watan Oktoba na 1999 da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, gidajen giya suka rufe, kuma mutane sun yi murna, da gaskiyarsu. Amma maye bai bar gari ba, kwalbar ce ta yi ta ƙanƙancewa. Daga ta giya ta koma ta maganin tari. Da gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, sai aka ƙara raja'a a kan tiramol da sauran ƙwayoyi, abin da yaro zai soke a naɗin hula uwarsa ba ta gani ba. Ga sholisho a tsumma, ga wiwi. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a wannan tsakanin ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun taɓa kayan maye cikin shekara guda. Yaran gindin tsamiya suna cikin wannan lissafi ko da ba wanda ya zo ya ƙirga su.

Abin ya dami manya, aka taru a zauren mai gari. Aka kafa kwamiti, aka ba wani Alhaji mai hannu da shuni shugabanci. Aka yi sumame, aka tara kwalabe da ƙwayoyi a fili, aka zuba fetur, Alhaji ya ƙyasta ashana, aka yi kabbara, aka ɗauki hotuna. Liman ya yi huɗuba mai ratsa jiki. Wani uba da abin ya ishe shi ya kai ɗansa gidan mari. A zaman da ya biyo baya Sarkin Ruwa, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya gyara zama ya ce:

"Ranku shi daɗe, aiki ya yi kyau. Tambayata guda ce. Yaro ya tashi da asuba, mun amshe kwalbar. To, daga nan har isha'i, mi za mu sa mishi ga hannu?"

Aka ce magana ce mai kyau, za a duba. Aka wuce zuwa batun kuɗin rumfa.

Ba a yi mako biyu ba ya tsinci jikansa kwance a mashaya, yawu na dalala, ƙuda na bin bakinsa. Bai dake shi ba. Ya saɓa shi a kafaɗa, da tsufansa, ya kai shi gida. Washegari da aka sallame asuba ya kama hannunsa, ya sauko da wani tsohon gora daga rataya, irin babban nan da masunta ke hawa su yi su, suka nufi gurbi.

Wanda bai taɓa hawa gora ba yana ganin abin wasa ne. Kifa ciki ake yi a kansa, bakin goran na sama don jefa kifi, ƙafafu na tuƙi, hannuwa biyu riƙe da homa. Gora kuwa mulmulalle ne, ko kaɗan ka karkata sai ya sulluɓe ya bar ka. Yaron ya hau, hannunsa na rawa, goran ya juye da shi. Ya sha ruwa, ya fito yana tari. Ya sake hawa, ya sake kifewa. A karo na huɗu ya rarrafo bakin yashi ya yi amai, ya kwanta yana haki, sanyin safiya na kaɗa shi. Kakan yana tsugune, bai ce uffan ba sai da numfashin yaron ya daidaita.

"Ka gani ko, Ɗan Baba? Gora ba shi zama ƙarƙashin mai layi. Gobe ka taho da kanka garau, ka ga in bai zauna ba."

A rana ta tara goran ya zauna. Yaron ya ratsa gurbin ya dawo, ya ɗago homa da ƙurungu biyu a ciki, ya yi wata irin dariya da uwarsa ta ce rabonta da jin ta tun yana firamare.

Abokansa suka zo kallo, daga kallo suka ce su ma a gwada su. Sharaɗin dattijon ɗaya ne: wanda ya sha wani abu jiya ba ya taɓa gora yau. Yakan tsaya a bakin ruwa ya dubi idon kowa, ya ce ya hura masa numfashi. Wanda ya faɗi ba a korarsa, zama zai yi a yashi ya tsare riguna yana kallon 'yan'uwansa cikin ruwa, kuma wannan zama ya fi bulala zafi. Daga uku suka zama bakwai, kafin damina ta faɗi sun kai ashirin da uku. Ya koya musu iyo da nutso, da yadda ake karanta ruwa a san inda yake juyawa, da yadda ake kamo wanda ruwa ya ci ta baya don kada ya riƙe ka ku tafi tare. Ranar Juma'a da la'asar akan yi tsere. 'Yan mata masu ƙosai suka gano wurin, wani makaɗi ya fara zuwa da kalangu. Yaron da unguwa ta sani da ɗan ƙwaya ya wayi gari ana yi masa kirari, ana nuna shi da yatsa don ya riga kowa taɓa gaɓa.

A ganina nan maganar take. Matashi yana neman abin da zai motsa masa jini, da abokan da za su jira shi, da suna a gari, da gajiyar da za ta sa shi barci. Mai sayar da ƙwaya ya san wannan sarai, shi ya sa shagonsa ba ya rufewa. Ruwa ya ba yaran nan duka huɗun. Ban ce kowa ya warke ba. Akwai waɗanda suka koma, akwai ɗaya da abin ya riga ya kama jikinsa, idan bai sha ba sai karkarwa da zufa, shi kam sai da aka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kusa da Sakkwato. Amma gindin tsamiya ya yi shara, kowa ya gani.

Wata rana wani malamin makaranta da ke zuwa kallon tseren ya zauna kusa da dattijon ya buɗe masa waya. "Baba, dubi ɗan'uwanka." Hoton wani baƙin mutum ne tsaye a kan allo, igiyar teku ta ɗago shi sama tana gudu da shi zuwa gaɓa. Malamin ya ce sunansa Murthy Megavan, masunci ne na ƙauyen Kovalam, kudu da birnin Chennai a Indiya. Tun yana yaro yake hawan igiyar ruwa a kan guntun katako, kafin ya samu allo na gaske. Ƙauyensu ma shaye-shaye ya addabi samarinsa. A 2012, da taimakon wasu masu hali, ya buɗe makarantar koyar da wannan wasa, yana koya wa yaran masunta da sharaɗin su nisanci giya da ƙwaya, su kuma riƙa share bakin teku. Yau wasu daga yaran wannan gaɓa suna wakiltar Indiya a gasar ƙasashe, wasan kansa kuma ya shiga gasar Olamfik tun ta Tokyo.

Sarkin Ruwa ya sa aka maimaita masa hoton sau uku. Ya ce shi bai taɓa ganin teku ba, amma ya je Argungu yana saurayi, ya ga kabanci a Matan Fada: tseren kwalekwale, da nutso, da kamun agwagwa, da su da hannu. Bikin da aka faro a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016. "Ashe abin da muke da shi ne, Malam. Shi dai ya samu masu kama mishi."

Wannan kalma ce ta kai shi ƙofar Alhaji. Ya jira daga hantsi har azahar kafin a yi masa iso. Buƙatunsa uku: goruna goma, gyaran tsohon kwalekwalensa da ya tsage, da kuma a bar wa yara hanyar mashaya, don ya ji ana raɗe-raɗin an sayar da wurin. Filin da ake kokawa da ƙwallo dama tuni an yanka shi fuloti. Alhaji ya yaba, ya sa masa albarka, ya ce ya ɗauka an gama. Ya ba shi kuɗin goro.

Da kaka motocin yashi suka fara sauka. Kafin sanyi ya wuce an ja katanga daga bakin hanya har gaɓar gulbi, ana buga bulo a ciki. Sai yaran su zaga ta bayan maƙabarta, tafiya mai nisa, ga tsoron hanya da duhun asuba. Wasu suka fara fashi.

Sai kakar zaɓe ta zo. Wata la'asar, ana shirin tsere, mota ta tsaya a bakin hanya. Aka kira yaran. Aka raba huluna da riguna masu hoto, da sababbin takardun kuɗi, aka ce ana bukatar majiya ƙarfi su raka tawaga zuwa taro, su yi ihu inda aka ce, su tare inda aka ce. Daga ƙarshe aka miƙo wata baƙar leda ta taga, aka ce ta ƙarin kuzari ce. Sarkin Ruwa yana tsaye da gora a hannu. Bai san direban ba, amma ya gane motar. Ita ce ta kawo galan ɗin fetur ranar da aka ƙona kwalabe.

Bayan an gama zaɓe, an rantsar da waɗanda aka rantsar, gindin tsamiya ya cika fiye da da. Kwamiti ya sake zama. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa a kan lalacewar yaran zamani, da iyayen da ba su tarbiyya, da waya, da finafinai. Can mai gari ya waiwaya ya ce, "Sarkin Ruwa, kai da ka zauna da su, mi ka gani?"

Dattijon ya tashi ya fita, ya dawo da goran nan ya ajiye a tsakiyar zaure. Ya tsage ta gefe, an ɗinke, an liƙe da ƙaro.

"Ranka shi daɗe, lissafi na kawo. Ɗiya ashirin da ukku ne. Guda an sare shi wurin taro, hannunshi na dama bai ƙara moruwa ba. Biyu suna tsare, ba wanda ya je belinsu. Guda ya shiga daji, uwarshi ta bar cin abinci. Huɗu sun tafi Legas. Tara suna gindin tsamiya, yanzu na wuto su. Shidda suna tare da ni, da wanga gora guda suke karɓa-karɓa. Ban zo da ƙarar kowa ba. Ɗiyanmu ne mu duka. Roƙona, a huda katangar nan, ko faɗin da mutum guda zai wuce da gora ga kai."

Zaure ya yi tsit. Alhaji ya duƙar da kai yana jan carbi. Wani ya ce magana ce mai kyau, za a duba. Aka tsayar da ranar da za a sake ƙona kwalabe, aka shafa fatiha.

A watan Satumba na 2024 kwalekwale ya kife da manoma a ƙasar Gummi, a nan cikin Zamfara, suna hanyar gona, mutane da dama ba su fito ba. Da labarin ya iso, dattijon ya tara yaransa shida ya sa suka yi ta maimaita kamun wanda ruwa ya ci har rana ta faɗi. Jikansa ne yanzu yake tsayawa a bakin ruwa yana duba idon sababbin zuwa. Har yau ta bayan maƙabarta suke zagawa.

Mai karatu, idan kana cikin masu zama a irin wannan zaure, ko katangar taka ce, ko motar, damina na tafe kuma gulbi zai kawo. Don Allah a huda wa yaran nan ƙofa, a saya musu goruna.