Wake da Sukari a Mai Wurno

Sinawa kan dafa dankali su kirɓa, su cusa masa jan wake mai sukari, su soya a kasko har ya yi ɓawo. Girkin nan zai zauna daram a garin Mai Wurno na ƙasar Sudan: ga dankali a bakin kogin Nilu, ga wake, ga masana'antar sukari ta Sennar a maƙwabta. Dattawa za su ce wake na ƙosai ne, abokinsa barkono, haɗa shi da zaƙi wulaƙanci ne. To, a ƙasar da ake barbaɗa wa taliya sukari, a jera ta da miya a tire guda, wa ke da bakin ƙorafi? Cikas ɗin dai yara ne, masu cinye dankalin tun yana tururi. Uwargida, ki fara ɓoye tukunyar.