Wasiƙa Zuwa ga Batirin da Ya Shiga Jirgin Iska

Ya kai batir,

Mun san ka a gidajenmu, jingine da bango kusa da inbata, kana riƙe mana fanka da fitila idan an ɗauke wuta. Yanzu kuma ka sami aiki a kan ruwa. A tashoshin ƙananan jirage na Turai da Amurka, masu jiragen nan da ake ɗaga wa babban ƙyalle iska ta tura su suna kwance tsofaffin injinan dizal, suna sa ka a gurbinsu tare da injin lantarki mai juya farfela. Abin ya yi mini daɗi ƙwarai. Daɗin ne ma ya sa na ɗauki alƙalami, domin na ga ana neman ɗora maka kayan da suka fi ƙarfinka.

Ruwa ba baƙonku ba ne. Tun 1839 Moritz von Jacobi ya tuƙa jirgi da ƙarfin batir a kogin Neva na birnin San Fitasbag, ɗauke da mutum 14. A 1881 Gustave Trouvé ya gwada nasa a kogin Sen na Faris. A tafkin Königssee na Jamus kuwa, jiragen lantarki suna jigilar mutane tun 1909. Abin da ya hana kakanninka mamaye ruwa nauyi ne, kuma har yau shi ne ke riƙe da ƙafarka, duk da ka fi batirin darma sauƙi nesa ba kusa ba.

Mu yi lissafi da yunit, irin wanda mitar wuta ke ƙirgawa. Litar dizal ɗaya tana ɗauke da kusan yunit 10, amma ƙaramin injin yana ɓarnatar da mafi yawansa a zafi da hayaƙi, abin da ke isa ga farfela bai wuce yunit 3 ba. Ke nan tankin lita 40 yana ba da aikin yunit 120 ko kusa da haka. Kai kuma, irinka na lithiyam da ƙarfe da fosfet, kowane yunit ɗaya naka yana auna kilo 8 zuwa 10 idan an haɗa da akwati da wayoyi. Wanda ya ce sai ka maye gurbin tankin nan cif-cif, to ya shirya loda wajen tan guda ko fiye a cikin jirgin mita 8 da shi kansa nauyinsa tan biyu ne zuwa uku. An ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan. Jirgin zai nutsa fiye da yadda aka zana shi, ya yi nawa, iska mai laushi ta kasa motsa shi, sai mai shi ya riƙa kunna injin a inda da ƙyalle ne zai kai shi. Yawanka ya jawo ƙarin buƙatarka.

Ni a ganina, darajarka tana cikin wani sirri da ruwa ya daɗe yana koya wa matuƙa. Jirgi mai ratsa ruwa da ƙirjinsa yana da iyakar gudu da tsawonsa ya yanka masa. Na mita 8 ba ya wuce kilomita 11 zuwa 12 a awa, komai ƙarfin injin, domin yana faɗawa cikin kwarin igiyar da shi kansa ya tayar. Kafin a kai wannan iyaka kuma, kowane ƙarin gudu yana cin wuta ninki-ba-ninki. A ruwa mai kwanciya, kilowat ɗaya kacal yana iya tura irin wannan jirgi kilomita 5 zuwa 6 a awa. Idan aka matsa masa ya kusanci iyakarsa, sai ya nemi kilowat biyar ko shida. Da yunit 10 a cikinka, mai haƙuri zai yi wajen kilomita 50, mai gaggawa kuwa da kyar ya yi 20 ka mutu a hannunsa. Batir ɗaya, jirgi ɗaya, bambancin yana hannun mai riƙe da linzami. Sannu ba ta hana zuwa.

Shi ya sa nake so ka tsaya a matsayin mataimaki. Iska ce uwar tafiya. Aikinka shi ne fitar da jirgi daga tasha, da shigar da shi, da tura shi awa biyu ko uku idan iska ta kwanta. A wannan aikin babu mai kama ƙafarka. Ba hayaƙi, ba warin mai a ɗakin kwana, ba baƙin mai da ke malala cikin ruwa, ba jiran injin ya yi zafi. Ana taɓa maɓalli farfela ta amsa. Idan iska ta yi ƙarfi jirgi ya ɗauki gudu, ruwan da ke wucewa yana juya farfelar ta mayar maka da ɗan abin da ka kashe, kodayake a ƙaramin jirgi abin kaɗan ne. Farantan sola ma haka: wurin da za a shimfiɗa su ƙanƙane ne, inuwar ƙyalle tana faɗa musu, yunit biyu a wuni an yi sa'a.

Akwai ranar da nake ji maka tsoro. Ranar da iska ta juya tana tura jirgi zuwa duwatsun gaɓa, igiyar ruwa tana dukan goshinsa, ga mashigar tasha ƙunci, ga ruwa yana ja baya. A ranar ba a tafiya da kilowat ɗaya. Mai dizal zai zuba jarka ya ci gaba, kai kuwa ba a zuba ka daga jarka. Kuma na'urar da ke tsaron lafiyarka tana iya yanke wuta farat ɗaya idan ta ga an ja fiye da kima, ba ruwanta da cewa akwai rayuka a sama. Don haka ina roƙon masu haɗa ka su raba ka gida biyu, kowane da tsaronsa, su ware wa rediyo da fitilun jirgi nasu batirin daban, su sa maka ma'aunin da ke faɗin gaskiyar abin da ya rage, su kuma ɗauki kashi ɗaya cikin uku naka a matsayin ajiyar da ba a taɓawa sai ranar wuya.

A ajiye ka ƙasa, a tsakiyar jirgi, a ɗaure ka tam yadda ko jirgi ya kwanta a gefe ba za ka gusa ba. A tsaya a bolt 48, wanda hannu mai jiƙa zai fi tsira daga gare shi. A sa fis a bakinka, a yi amfani da waya mai kauri wadda gishirin teku ba ya saurin ci. Kuma ina jin takaicin masu ɓalle batiran motocin da suka yi hatsari su cusa a jirgi don araha. Da yawansu irin mai nikel da kobalt ne, wanda idan ya kama da wuta kashe shi aiki ne ja. A kan titi mutum zai fita ya gudu. A tsakiyar teku ina zai je?

Labarinka ya iso nahiyarmu. A Mbita, bakin tafkin Biktoriya a Kenya, kamfanin Asobo ya fara ba masunta hayar injin lantarki da batir, su fita kamun dare su dawo da kai da safe a yi maka caji da hasken rana. Wannan tsarin ya dace da halinka: tafiya ce sananniya, nisanta a ƙayyade, gudunta daidai wa daida. Tun da aka janye tallafin mai a Najeriya a 2023 nake tuna masuntan Yawuri da ke fita tafkin Kainji, waɗanda kuɗin fetur ke cinye musu ribar kifi. Ma'adinin da ake yin ka da shi ana haƙo shi a Nasarawa, ba daidai ba ne a ce masuntan nan ne na ƙarshe da za su gan ka. Amma a fara da ƙaramin kwalekwalen masunci a ruwa mai kwanciya. Manyan jiragen ranar kasuwa, masu ɗaukar mutane da buhuna da babura suna haurawa gaba da ruwan Kwara a lokacin ambaliya, kada kowa ya sa ka a cikinsu tukuna, sai an auna nauyi da nisa da ƙarfin ruwa, an kuma tanadi wurin caji a kowace gaɓa.

Wassalam,
Mai fatan ganin ka a ruwanmu.