Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Tsohon Injin Ban Ruwa Mai Mutuwa a Silo

Zuwa ga Dattijo, Injin Ban Ruwa, mazaunin fadamun Dambatta da Makoɗa da Bagwai.

Manoman da ke gewayen madatsun Tomas da Watari suna gabatar wa Dattijo ƙorafi guda, ba tare da sun manta alherinsa ba. Tarihi ya shaida cewa ko bayan gina waɗannan madatsu a shekarun 1970, mai lambu da yawa bai rabu da jigo ba, watau doguwar sandar nan mai guga a kai da nauyin laka a gindi, sai da hukumar bunƙasa noma ta Kano, KNARDA, ta shiga yaɗa ƙananan injuna da rijiyoyin burtsatse a shekarun 1980. Tun daga lokacin Dattijo yake shayar da tumatir da albasa da attaruhu, kuma kafaɗun da jigo ya gajiyar ba su daina sa masa albarka ba.

Ƙorafin ya shafi abin da kanikawa ke kira silo, watau gudun da inji ke yi a hankali idan an sassauta masa wuta. Asalin zuriyar Dattijo, samfurin GX na kamfanin Honda wanda ya fito a 1983, an ƙera shi ya yi juyi 3,600 a minti guda in ana aiki, ya sauko wajen 1,400 in ana hutawa. Dattijo kuwa ya riƙe na farko ya yi watsi da na biyu, domin muddin ana ta ruri lafiyarsa ƙalau, amma da zarar manomi ya rage wuta don ya ja tiyo daga wannan fangali zuwa wancan, sai ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Mutuwar ba ta zuwa ita kaɗai, domin in bakin mesa yana yoyo ruwan da aka jawo yakan koma rijiya, sai an sake ɗura wa famfo ruwa da bokiti, a koma jan igiya har kafaɗa ta tuna da zamanin jigo. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, rage wuta ya zama dole ga mai tattalin aljihu, saboda haka Dattijo ya zaɓi ya riƙa suma daidai lokacin da aka fi bukatar haƙurinsa.

Binciken da aka gudanar a gindin mangwaro ya nuna cewa cutar tana zaune a kafireto, wurin da fetur da iska ke gauraya, kimanin kashi 1 na mai da kashi 15 na iska bisa nauyi. Hanyar mai biyu ce a cikinsa. Babbar tana aiki ne idan an buɗe wuta, ƙaramar kuwa, wadda ake kira silo jet, ita kaɗai ke ciyar da inji idan an rage, kuma hujinta bai kai rabin milimita ba, ta yadda ƙwayar yashi guda ta isa ta toshe shi. Mai son tabbatarwa sai ya ja cok rabi, watau ƙyauren da ke rage shigar iska. In inji ya farfaɗo, to mai ne ya yi masa kaɗan, ko dai hujin ya toshe ko kuma gasket ya tsage iska na satar hanya. In kuwa baƙin hayaƙi yake fitarwa, fulogi kuma ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, to mai ne ya yi yawa, kuma galibi ƙurar hunturu ce ta cushe soson tace iska. Akan kuma duba tazarar bakin fulogi, wadda ta kamata ta tsaya tsakanin milimita 0.7 da 0.8, da ɗan hujin murfin tanki wanda in ya toshe mai ba ya sauka, da baƙin mai, domin wasu injunan kan kashe kansu in ya yi ƙasa. Dattijo yana da gwamna a cikinsa, watau na'urar da ke daidaita gudu, kuma an lura cewa shi ma in sifirin ɗinsa ya saki yakan yi ta hawa da sauka ba tare da ya tsayar da magana ɗaya ba.

Cutar ta gado ce, domin ɗan uwan Dattijo, injin da ake rataya wa kwalekwale a baya, wanda Ole Evinrude ya shahara da ƙera shi a Amurka tun 1909, haka yake yi in an zo gaɓa an rage wuta. Nasa ma ya fi tsanani, domin tsofaffin irinsa ana gauraya musu baƙin mai cikin fetur, kuma in hannu ya zarce wajen awo fulogi yakan jiƙe ya ƙi ba da wuta.

Sai dai laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani. Masu wasiƙa sun amsa cewa in damina ta faɗi sukan jefa Dattijo a zaure da sauran mai a cikinsa, man ya bushe ya zama danƙo har kaka ta wuce. Sun amsa cewa suna sayen fetur a kwalba wurin 'yan bumburutu, wani da ruwa wani da laka, su juye shi ba tacewa. Sun kuma amsa cewa an sha sosa masa huji da allurar ɗinki har ya buɗe fiye da kima, kuma wani bakanike, maimakon ya wanke kafireto, sai ya murɗa kusar silo sama, inji ya daina mutuwa amma ya koma shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya.

Saboda haka aka yanke shawarar sulhu. Manoma sun ɗauki alkawarin tace mai da ƙyalle mai tsabta, da zubar da dattin ɗan kofin da ke ƙarƙashin makunnin fetur, da wanke soson iska a kai a kai har hunturu ya wuce, da rufe mai a bar inji ya shanye na cikin kafireto kafin a ajiye shi. Abin da ake roƙo daga Dattijo shi ne ya koyi zama shiru ba tare da ya mutu ba, ko da na minti biyar ne. Ana kuma tunatar da shi cikin ladabi cewa maƙwabta sun fara juya injunansu zuwa tukunyar gas, wasu sun kafa faifan hasken rana wanda ba ya tari ba ya neman igiya, kuma shi kansa jigo an taɓa ganin ba shi da magaji.

Allah ya ƙara wa Dattijo lafiya, ya ba da rani mai albarka. Wassalam.

Daga manoman rani na arewacin Kano.