A Yi Ciniki Kafin A Ɗaura Igiya

Mu nan Batsari da Safana, in mota ta mace a hanya ba janwe muke nema ba. Janwe sai Katsina, kafin ya iso kuwa rana ta faɗi. Igiya muke nema. Direban da ya saba da hanyar Runka ko ta Ruma ba ka raba but ɗinsa da ita, wani ma har da sarƙa. A karyo ganye a jera kan kwalta don na baya su gani, a tsayar da tifa ko tarakta ko wata Golf da ba ta cika lodi ba, a ɗaure. Na gaba yana ja a giya ɗaya, na baya ya riƙe sitiyari da hannu biyu, inji a kashe, birki ya yi tauri, yaron mota ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu. Ranar Alhamis, kasuwar Batsari, har da buhunan rogo ake jan mota haka.

Da can, in ka tambayi kuɗin ja, sai a ce maka, "Haba Alhaji, zuba mai kawai." Har yanzu akwai masu yin haka, Allah Ya saka musu. Amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin ya sauya, ga kuma tsoron Dajin Rugu. Ba wanda ke son magariba ta riske shi a hanya da mata da yara a mota.

A nan ne wasunmu ke cutar juna. Ka ce, "Nawa zan ba ka, Malam?" Ya ce, "Mu je dai, ai ba za mu ɓata ba." Sai an isa garejin bakanike ya faɗi kuɗin da ya ninka abin da ka zata, ya ce igiya ba ta kwantuwa sai ka biya. Wannan ba sana'a ba ce, cin guminka ne saboda ya ga kana cikin tsoro.

Mai ja yana da haƙƙinsa, kada a manta. Mansa ya ƙone, kulocinsa ya wahala, shi ma ya tsaya inda kowa ke gudun tsayawa. A biya shi da kyau. Amma a san adadin tun igiya tana hannu. Dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta bayyana farashi. Mu dai ba Abuja za mu kai ƙara ba, tasha ta fi mana kusa.

Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW na Batsari da Safana, don Allah ku zauna da direbobi ku yanka kuɗin ja gwargwadon nisa da nauyin mota, ku rubuta a allo a bakin tasha inda kowa zai karanta.