Taɓarya a Bakin Inji

Injin mota ba a manne yake da jikin motar ba. Da ƙarfe ne a kan ƙarfe, da babu direban da zai tsufa da haƙoransa. Injin Corolla irin tawa, ƙirar 2005, silinda huɗu gare shi, kuma ko a danja take tsaye ba a taka komai ba, yana juyi wajen sau 700 a minti ɗaya. Wato fetur na fashewa a cikinsa wajen sau 1,400 kafin ka gama ciniki da mai ruwan leda. Abin da ya shiga tsakanin wannan tarzoma da ƙashin bayan direba wasu dunƙulallun robobi ne guda huɗu, kowace a matse tsakanin ƙarafa, waɗanda makanikai ke kira injin sitin. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya yi suna da dabarar a 1931, da ya zaunar da injin motarsa Plymouth a kan roba, har Citroën ta Faransa ta sayi izinin kwaikwaya. Ni malamin kimiyya ne a sakandare, shi ya sa nake da irin waɗannan bayanai, kuma yawanci sukan iso mini ne bayan an gama buƙatarsu.

Tawa da rawar ɗari ta fara. In na tsaya giya na kan D, ƙafa na kan birki, sai sitiyari ya hau kaɗawa, madubi ya mai da motar da ke bayana uku. In na kunna esi har muryata rawa take, ina waya ana yi mini sannu da zazzaɓi. Da safe kuwa, ina jan giya zuwa R sai ka ji gwaf daga ƙarƙashi. A majalisarmu kowa ya ba da fatawa. Wani ya ce fulogi ne, wani ya ce gurɓataccen mai aka zuba mini, wani kuma ya ja ni gefe ya tambaye ni ko na taɓa taka wani abu a mararraba da tsakar dare.

Makanikena bai yi dogon bincike ba. Ya ɗaga banet, ya ce in ja birkin hannu, in danne birki da ƙafar hagu, in sa D, in ɗan taɓa totur. Ina taɓawa inji ya ɗago kafaɗa, ina saki ya faɗa da ƙara.

"Malam, sitin ne. Na dama ya fashe har ruwansa ya tsiyaye, sauran ma duk sun tsage. Zafi ne da shekaru, ga bakin mai na ɗiga a kan na baya, shi kuwa cin roba yake yi."

Sai ya faɗi kuɗin aiki. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, duk kuɗin da aka faɗa mini sai na mai da shi lita a zuci kafin in amsa. Na lissafa, na ga litoci sun taru. Na dubi aikin kuma: a kwance noti, a cire roba, a sa roba, a ɗaure noti. Daren nan na kalli wani Bature a YouTube ya gama aikin kafin shayina ya huce. Gaskiya ne garejinsa da tayil, motarsa na'ura ce ta ɗaga ta har yana yawo a ƙarƙashinta a tsaye, notinsa kuma da an taɓa sai ya juya. Ban ga dalilin tsayawa a kan waɗannan ƙananan bambance-bambance ba. Ni da nake koya wa yara yadda ƙaramin ƙarfi ke ɗaga babban nauyi, har da zane a allo?

A Ƙofar Ruwa mai shago ya jera mini kala uku a kan kanta. Ga na kamfani sabo fil, wanda jin kuɗinsa ya sa na gyara zaman hulata. Ga beljiyam, wanda aka ciro daga motar da ta gama rayuwarta a ƙasar waje. Robar asali ce, amma babu wanda ya san sauran kwananta. Ga kuma wani mai sheƙi a kwali mai kyau, mai sauƙin kuɗi. Tsakani da Allah mutumin bai rufe ni ba. Ya ce na dama na asali da ruwa a cikinsa, ruwan ne ke shanye girgiza in mota na tsaye, mai arahar kuwa roba ce zalla, kuma mai tauri. "Zai riƙe inji, yallaɓai, amma za ka ji shi a jikinka." Na ce a ƙulle mini mai arahar.

"Wane gareji za a kai?"

"Ni zan ɗaura da kaina."

Ya dube ni, ya dubi hannuwana, ya ce Allah ya ba da sa'a. Sannan ya jefa noti biyu a ledar, kyauta.

Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Kafin a kwance sitin dole a tallafe inji daga ƙasa, don shi da giya a haɗe sun haura kilo 150. Wurin da jak zai taɓa kuwa kwano ne na siririn ƙarfe inda bakin mai ke taruwa. In aka sa masa kan jak kai tsaye zai lotsa ya toshe bakin bututun da ke zuƙo mai, daga nan kuma ba sitin za a saya ba, inji za a saya. Katako ake sa wa a tsakani. Katako mai faɗi da kauri ɗaya ne a gidanmu, wanda ake yanka albasa a kai. Uwargida tana ɗaki, na ga babu dalilin tayar mata da hankali.

Na ɗaga gaban motar na tura bulo biyu. Ina shirin zura kai sai ga Baba Alhaji maƙwabcina, tsohon direban tirela, ya fito da sandarsa.

"Malam, ƙarƙashin wannan za ka shiga?"

"Eh, Baba."

"Katako in zai karye sai ya yi kuka tukuna. Bulo ba ya sallama."

Na fara yi masa bayanin yadda nauyi ke rarrabuwa a kan faɗin wuri. Ban kai ƙarshen jimla ba bulon hagu ya ce ƙas, ya tsage tun daga sama har ƙasa. Baba Alhaji bai ce uffan ba. Ya aika yara suka mirgino kututture biyu daga gidansa, ya sa aka tura tayar safaya a ƙarƙashi, sannan ya ce a kawo masa kujera. Bai sake tashi ba sai lokacin salla.

Sitin na dama a sama yake, a fili, shi ya yaudare ni. Notinsa na 14 da na 17 sun ƙi motsi, na jiƙa su da kananzir, na zura bututun ruwa a wutsiyar sifana don ƙara tsawo, na rataya. Noti ya saki ba sanarwa, fatar yatsuna ta zauna a jikin inji. Amma ya fito, a durƙushe, da baƙin zane inda ruwansa ya bi. Na ɗaga shi sama na nuna wa jama'a, don a lokacin an taru: yaran unguwa, mai rake, da mai faci da ya baro kayansa ya zo kallo. Na sa sabon, inji na ɗage a kan jak, na ɗaure shi iya ƙarfina don kada wani ya ce aikin malamin makaranta sako-sako ne.

A nan hazaƙa ta motsa. Na ga bin su ɗaya bayan ɗaya ɓata lokaci ne. Na cire batir da akwatin iska don in kai ga sitin na giya, na zare shi, na gangara na zare na gaba, da niyyar in mayar da su tare. Inji a kan sitin tukunya ce a kan duwatsun murhu: ka zare ɗaya ka tokara, tana nan zaune, ka zare biyu, sai ta nemi inda za ta kwanta. Ban ji ƙara ba, ban ga motsi ba. Sai da na zo zura dogon noti na ga ramin sitin da ramin ƙarfen inji sun yi hannun riga da kamar faɗin yatsa.

Faɗin yatsan nan shi ya cinye yinin. In na ɗaga jak, rami ya hau ya karkata dama. In na sauke, ya sauka ya ja baya. Akwai wani wuri a tsakani inda nake hango haske ta cikin ramukan biyu, siriri, amma noti ba ya shiga da haske. Mai rake ya ce a girgiza motar. Mai faci ya ce a sace iskar taya. Wani da ban taɓa gani ba ya tsayar da babur ya ce kayan ne ba na motar ba, ya wuce. Ni kuwa na san amsar tun daga aji: dogon abu mai ƙarfi, da wurin tokarawa. Na shiga gida.

"Malam, ina za ka kai mini taɓarya?"

"Wani ɗan aikin kimiyya ne, yanzu zan dawo da ita."

"Katakon albasata ma kimiyyar ce ta ci shi?"

Na zura taɓarya tsakanin giya da jikin mota, na ba babban ɗana noti na ce da ya ga rami ya buɗe ya tura. Na rataya har ƙafafuna suka bar ƙasa. Kimiyya ba ta ba ni kunya ba, inji ya matsa. "Abba, ya shiga!" Ya shiga, amma a karkace. Na ji ya yi tauri, na ɗauka taurin sabunta ne, na sa masa sifana da bututu har sai da ya fara juyawa ba ya gaba ba ya baya. Sai a lokacin Baba Alhaji ya yi gyaran murya ya ce notin da bai shiga da yatsa ba, ba a nuna masa sifana. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa da wuri, ya ce ya ga ina cikin bayani ne. A nan kyautar mai shago ta yi rana. Taɓarya kuwa ta fito da tabo da baƙin mai, uwargida ta ce ko yajin maƙiyinta ba za ta daka da ita ba.

Sitin na baya har yau ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Yana can tsakanin inji da bangon da ke gaban ƙafar direba, kusa da sandar sitiyari, sai dai a laluba. Ina kwance a tabarma, hannu ya shige har kafaɗa, ƙasa na zubo mini a ido, soket na 14 ya suɓuce. Na ji ƙwal, na ji ƙwal, na kasa kunne in ji ya taɓa ƙasa, shiru. Aka kira magariba motar na kan kututture, ta tare ƙofar gida sai an yi gefe-gefe ake wucewa. Washegari uwargida na da biki, ta tafi a Adaidaita Sahu da kulolin abinci a cinya. Litinin ni ma na bi sahu, kuma da muka zo wucewa ta gaban garejin makanikena wani abu mai muhimmanci ya ɗauke mini hankali a ɗaya gefen titi.

Da na haɗa komai na murɗa makulli, ta tashi, ta yi tari, ta mutu, fitilar cek ta kama. In na danne totur sai ta zauna, amma rawar da a da ta tsaya a sitiyari yanzu ta bazu har ƙofofi da kujerar baya. Na kira makanike na ce masa motar ta ɗan nuna wata alama.

Bai zo da kansa ba. Yaronsa ya turo, wanda bai kai ɗaliban ajina na ƙarshe shekaru ba, da silifas da sifana biyu a aljihun baya. Ya durƙusa ya ce, "Baba, sannu da aiki." Ya leƙa, ya kamo wata waya da ke reto kusa da akwatin iska, ta na'urar da ke auna iskar da inji ke shaƙa, ya jona ta ƙyat. Sannan ya bi duk notin da na zubar da jini wajen ɗaurewa, ya sassauta su. Ya zare jak inji ya zauna da nauyinsa, ya tayar, ya danne birki ya sa D ya sa R, ya kashe, ya ɗaure. Ya ce in aka ɗaure roba inji na ɗage, a murɗe take zama, murɗaɗɗiyar roba kuwa ba ta shanye komai sai dai ta miƙa wa jikin mota. Ya ƙara da cewa cire batir ya sa kwamfutar motar ta manta yadda ta saba lallaɓa inji da dattin da ke maƙogwaronsa, shi ya sa take neman mutuwa a tsaye. Ya fesa masa magani ya goge da tsumma. Na gyaɗa kai na ce abin da nake shirin dubawa ke nan.

"Baba, wannan na daman wa ya sayo?"

"Wani ne ya ba ni shawara."

"To, sauran rawar tasa ce. Sai an canza shi."

Soket ɗin ma ya gano inda yake, a cikin ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji, ya ce sai an sauke ƙarfen zai fito. Na ce a bar shi ya huta. Yana nan, duk kwalbati da rami sai ya gaishe ni. Maigidan yaron ya karɓi kuɗin da ya faɗa tun farko, ya ɗora wani abu da ya kira kuɗin gyaran gyara, ni kuma na ƙara da sabuwar taɓarya da katako. Wannan ban mai da shi lita ba, likita ya hana ni irin wannan lissafi.

A majalisa yanzu duk wanda motarsa ta yi rawa ni ake turo wa, kuma ina ba da bayani mai gamsarwa, har da 1931. Makon jiya na lura janaretanmu na tafiya da kansa in an kunna shi, na leƙa ƙasa, ashe shi ma a kan robobi huɗu yake zaune, biyu sun tsage. Na shiga ɗaki neman akwatin sifanu, babu shi.

"Hajiya, ina kayan aikina?"

"Na ba da aro."

"Wa kika ba?"

"Wallahi Malam, mutumin Maiduguri ne, kuma ban karɓi lambarsa ba."