Jinsunan Abokan Ɗaga Ƙarfe da Halin da Sabon Shiga Ke Samun Kansa a Hannunsu

Ɗaga ƙarfe, wato horar da tsoka ta hanyar ɗora mata nauyin da ya ɗan zarce wanda ta saba, ba wasa ba ne da mutum yakan fara shi kaɗai, domin galibin sababbin shiga sukan isa gidan motsa jiki ne biye da wani tsohon hannu, ko yaya, ko abokin aiki, ko ɗan unguwar da riga ta fara matse wa damtse. Ka'idar da ake gina horon a kanta guda ce, kuma daɗaɗɗiya: a riƙa ƙara nauyi kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda jiki ke sabawa. Girkawa suna ba da labarin Milo, ɗan kokawar garin Kiroton a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda aka ce ya riƙa saɓa ɗan maraƙi kullum har ya zama bijimi, sannan a 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya wallafa yadda ya yi amfani da ka'idar wajen farfaɗo da sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga aikinsa ne tsarin zagaye 3 na ɗagawa 10 ya yaɗu, zagaye kuwa shi ne jerin ɗagawar da ake yi a jere kafin a huta. Ka'idar ba ta da wuyar fahimta. Wuyar tana wajen mutanen da ke tsaye a kan sabon shiga, waɗanda suka kasu jinsi-jinsi.

Mafi yawa a cikinsu shi ne Mai Mantuwa, wanda shekarun da ya yi yana ɗaga ƙarfe suka shafe masa tunanin cewa shi ma ya taɓa zama siriri, saboda haka idan aka roƙe shi tsari sai ya miƙa nasa na yanzu ba tare da rage ko ɗagawa ɗaya ba: kwana shida a mako, kowace rana da gaɓarta, kowace gaɓa da zagaye kusan ashirin. Sakamakon wannan karamci shi ne tsamin jiki, wato ciwon da ke biyo bayan aikin da tsoka ba ta saba ba, wanda yakan kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 72, ta yadda a rana ta biyu sabon shiga zai gano cewa hawa babur, da ruku'u, da ɗaga buta duk ayyuka ne masu bukatar shiri. Idan ya kai kuka, amsar Mai Mantuwa ba ta sauyawa: "Ƙanena, ai ciwon shi ne shaidar aiki ya shiga." Wannan fatawa ba ta da tushe, domin ana samun ƙarfi ba tare da tsamin da ke hana tafiya ba, kuma idan aka wuce gona da iri tsoka takan farfashe har fitsari ya koma launin baƙin shayi, alamar da ke nuna ƙoda na cikin haɗari, wadda maganinta asibiti ne, ba ƙarin zagaye ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga manya ita ce a ƙarfafa dukan manyan tsokokin jiki kwana biyu ko fiye a mako, kuma mai farawa kwana biyu ko uku sun ishe shi, da ranar hutu a tsakani, sai dai Mai Mantuwa yana ɗaukar ranar hutu a matsayin rashin tarbiyya.

Jinsi na gaba, wanda ya fi cancantar dogon nazari, shi ne Mai Gadi. Gadi a wannan fage yana nufin tsayuwa a bayan kan wanda ke kwance a benci yana tura ƙarfe daga ƙirjinsa, domin a karɓe masa idan hannuwansa suka gaza, kuma aiki ne na gaske, tunda sandar da maza suke amfani da ita a gasar Olamfik kilo 20 ce ita kaɗai kafin a zura mata faifai, wuyan ɗan Adam kuwa ba a halicce shi don karɓar irin wannan baƙo ba. Mai Gadi reshe biyu ne. Na farko mai tausayi ne fiye da kima: tun daga ɗagawa ta uku yatsunsa suna ƙarƙashin sanda, zuwa ta takwas jijiyoyin wuyansa sun tashi, gumi na ɗiga a goshin almajirinsa, amma bakinsa bai fasa cewa "Saura ɗaya! Kai kaɗai kake yi, wallahi ban taɓa ba!" Da haka mutum biyu suke raba nauyi ɗaya, ɗaya ya sami horon damtse kyauta, ɗaya ya sami labarin ƙarya game da ƙarfinsa, kuma wannan labari shi ne zai danne shi ranar da ya zo shi kaɗai ya ɗora kilo 60 alhali rabonsa na gaskiya 40 ne. Reshe na biyu ya yarda da 'yancin ɗan Adam ƙwarai, har yakan tsaya a wurin gadi idonsa na kan waya, ba ya ankara sai mutanen da ke can gefe sun fara salati.

Akwai kuma Sarkin Ƙirji, wanda a iliminsa jikin mutum daga cibiya ya fara zuwa sama, kuma yake horar da abin da madubi ke nuna masa kawai, har ya wayi gari da kafaɗun ɗan dambe a kan ƙafafun shamuwa, abin da ya sa ba a taɓa ganinsa da gajeren wando. Tsugunno da nauyi a kafaɗa, da ɗaga sanda daga ƙasa zuwa cinya, waɗanda su ne ke aikatar da manyan tsokokin cinya da ɗuwawu da gadon baya, ya ce suna kashe gwiwa, hujjar da ya gada daga wani ogansa da shi ma bai taɓa gwadawa ba. Dole a yi masa uzuri kaɗan, domin a wuraren ɗaga ƙarfe na unguwa, inda ake zuba siminti a gwangwanayen madara a soka bututu a tsakiya, ko a harhaɗa tsofaffin ƙarafan mota, ba a cika samun maɗorin sanda na tsugunno ba. A irin waɗannan wurare nauyin kowane ƙarfe riwaya ce, ba awo ba: mai wurin ya ce hamsin ne, bayan shekara ya zama sittin, siminti kuwa yana ta zubewa.

Likitan Gwangwani gajeren bayani ya ishe shi, ko da yake shi ba ya gajarta nasa. Yana da garin ƙarin furotin, yana da ƙwayoyi, yana kuma da wanda ke sayarwa. Sa'arsa ita ce a makonnin farko ƙarfin mai farawa yana hauhawa da sauri, yawanci saboda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suna koyon sarrafa tsoka ne tun kafin ita tsokar ta ƙara kauri, sai ya jingina wannan baiwa ga gwangwaninsa. Binciken masana ya nuna kimanin giram 1.6 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a rana ya wadatar, wato kusan giram 96 ga mai kilo 60, kuma wake, ƙwai, gyaɗa, kifi, awara da nono suna iya cike shi. Idan kuwa ya fara zancen allurar ƙara ƙwanji, wadda ke illata zuciya da hanta, take kuma rage ƙarfin haihuwa, to lokacin sauya aboki ya yi.

Adalci ya wajabta a ce su ma sababbin shiga ba su kuɓuta ba. A cikinsu akwai Ango, wanda ya zo saura mako uku ɗaurin aure yana neman ƙirjin da zai cika babbar riga, bai ji cewa ba a fafe gora ranar tafiya ba. Akwai Mai Yawon Tsari, wanda duk bidiyon da ya gani a intanet sai ya rushe jadawalin jiya, har ya shekara yana makon farko. Mafi ban tausayi shi ne Mai Kunya, domin idan mutum biyu suna karɓa-karɓa a sanda ɗaya wajibi ne a sauke faifai a mayar a kowane zagaye, shi kuwa nauyin bakin cewa "Oga, a rage mini" ya fi masa nauyin ƙarfen, sai ya kwanta a ƙarƙashin kayan ogansa yana fatan alheri, ogan kuma, da yake ƙyuyar sauke faifai ta riga ta zama masa ɗabi'a, sai ya kira wannan jarumta.

Jinsin da ke da amfani shi ne mafi ƙaranci, kuma ba a cika ba da labarinsa ba saboda babu abin dariya a tare da shi. Yakan zaɓi motsi huɗu ko biyar da suka game jiki, ya fara da sanda ba faifai har sai tsayuwa da riƙo sun daidaita, ya tsayar da zagaye alhali da sauran ɗagawa biyu a hannu, ya ba da hutun minti biyu zuwa uku, ya sauke faifansa da kansa ba tare da tsaki ba, ya kuma rubuta komai a ɗan littafi, domin alƙalami ba ya ƙara wa kowa kilo don kara. Dukiyarsa mafi daraja su ne ƙananan faifai biyu masu kilo 1.25, waɗanda sauran jinsunan suke tokare ƙofa da su. Sabon shiga yakan raina shi a watan farko, har ya yi sha'awar komawa wajen masu ihu, amma wanda ya fara da sanda mai kilo 20, yana ƙara kilo 2.5 kowane mako, zai kai kilo 50 bayan mako 12, kuma shi kaɗai ya ɗaga.